ALT da AST ɗina sun hau a gwajin jini, hantata ta lalace ne?

Wani bawan Allah ne ya turo min hoton takardar gwajinsa da wannan tambayar: "Likita ina da shekara 36, na je gwajin lafiya na ɗaukar aiki, sakamako ya fito ALT 94, AST 68, an ja musu layi da jan biro. Sauran kuma ALP 88, bilirubin 12, albumin 42 ba a taɓa su ba. Ni lafiyata ƙalau, ba na shan giya, sai dai ina da ɗan tumbi. Mai kemis ɗin layinmu ya ce hantata ta fara lalacewa, abokina kuma ya kawo min jarkar jiƙo wai na wankin hanta. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai dan Allah ka ajiye jarkar nan tukuna, ko kurɓi ɗaya kar ka ƙara, zan dawo kanta. Sannan ka kwantar da hankalinka, takardar da na gani ba ta ce hantarka ta lalace ba. Abin da ta ce shi ne akwai wani abu da yake taɓa hantar, kuma aikin da ke gabanmu shi ne mu nemo ko mene ne. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai tazara mai yawa, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata hanya.

Bari in yi maka misali da abin da ka sani. Ka shiga sito a kasuwar Dawanau da safe sai ka ga tsabar gero a warwatse a ƙasa. Me ka gane? Ka gane akwai buhun da ya huje. Amma tsabar ba za ta gaya maka ɓera ne ya huda ba, ko ƙugiyar ɗan dako ce, ko danshi ne ya ci gindin buhun, kuma ba za ta gaya maka buhu nawa ne suka rage lafiyayyu ba. To ALT da AST haka suke. Wasu sinadarai ne da ake kira enzayim, a cikin ƙwayoyin hanta suke zaune suna aikinsu, ɗan kaɗan ne yake yawo a jini. Idan wani abu ya ji wa ƙwayoyin ciwo sai su zubo cikin jini, na'ura ta ƙirga ta ce sun hau. A wasu takardun za ka ga an rubuta SGPT maimakon ALT, SGOT maimakon AST, tsohon suna ne kawai, abu ɗaya ne.

Yawancin ɗakunan gwaji a nan suna sa iyakar ALT da AST wajen 40, wasu 35, wasu har 50, ya danganta da na'urarsu, shi ya sa kullum nake cewa a duba iyakar da aka rubuta a gefen takardar ba wadda aka gani a intanet ba. Mu kuma ba lambar kanta muke kallo ba, ninki nawa ta yi muke kallo. Naka 94, wato ninki biyu da ɗan ɗoriya. Duk abin da bai kai ninki 5 ba muna kiransa ƙaramin hawa, daga 5 zuwa 15 matsakaici, sama da haka kuma babba. Waɗanda ake kwantarwa da gaggawa za ka ga nasu 1,000, 2,000 ko fiye, kuma galibi abu uku ne ke kai mutum nan: sabon kamun ƙwayar cutar ciwon hanta, ko guba ta magani musamman farasitamol da aka sha fiye da ƙima, ko jini ya daina isa hanta saboda mutum ya galabaita. Kai ba ka kusa da nan.

Amma fa ba ina cewa ka yar da takardar ba ne. Koma sito ɗin nan: idan buhunan sun kusa ƙarewa, tsabar da za ta zube ai ba ta da yawa. Haka mutumin da hantarsa ta ƙeƙashe ta cika da tabo, sau da yawa ALT ɗinsa 45 ne ko ma daidai, don ƙwayoyin da za su zubar da shi sun yi ƙaranci. Wani kuma nasa ya kai 1,500 saboda ciwon hanta nau'in A, bayan 'yan makonni ya warke sarai kamar ba a yi ba. Girman lamba ba shi ne girman ciwo ba, kuma ƙaramin hawan da ya daɗe shekara da shekaru ya fi ba ni tsoro a kan babban da ya zo ya wuce.

Abin da ke nuna hanta tana aikinta ko ba ta yi su ne waɗancan da ba a ja wa layi ba a takardarka. Albumin furotin ne da hanta take ƙerawa, daidansa 35 zuwa 50, naka 42. Bilirubin shi ne ruwan ɗorawar nan da ke fitowa idan tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini suka mutu, hanta ce ke kwashe shi ta tura ta matsarmama zuwa hanji, in ta gaza sai ya taru ido ya yi rawaya, shi ne shawara. Naka 12, daidai. Saura gwajin daskarewar jini da ake rubuta wa INR, wanda ba a yi maka ba. ALP kuma yana hawa ne idan hanyar ruwan matsarmama ta toshe, ko tsakuwa ko ƙari, amma ƙashi ma yana fitar da shi, mahaifa ma haka, shi ya sa yaro mai tasowa da mai tsohon ciki nasu yakan hau ba tare da wani ciwo ba, in ana kokwanto sai a ƙara gwajin GGT, wani enzayim na hanta da ƙashi ba ya ɗaga shi, ya raba gardama. Naka 88, babu matsala. Kaga kenan sitonka yana nan cike yana ciniki, buhu ne dai yake yoyo.

To wa ya huda buhun?

Ni duk wanda ya zauna gabana da irin wannan takardar a ƙasar nan, abu na farko da nake rubutawa shi ne HBsAg, gwajin ciwon hanta nau'in B, tare da na nau'in C. Ba na jira, ba na cewa bari mu maimaita tukuna. Dalili, babban binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, nau'in C kuma kashi 1.1. Ka lissafa, a sahu ɗaya na masallaci mai mutum 25, kusan mutum biyu kenan, kuma akasarinsu ba su sani ba, lafiyarsu ƙalau kamar yadda ka ce taka take. Allurar rigakafinsa sai a 2004 ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya, kai kuma an haife ka tun kafin nan, don haka da wuya a ce ka samu kana jariri.

A nan ina so in ɗan tsaya, domin na ga yadda wannan gwajin yake rusa gidaje a banza. Yawancin masu nau'in B a wajenmu tun suna ƙanana suka ɗauka, ko daga uwa lokacin haihuwa, ko tsakanin yara, ko ta askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tafasa ba, kaciya, tsaga, ƙaho, cire beli, reza ɗaya gida guda, allura ɗaya a yi wa mutum biyu. Jaririn da ya kamu, kusan kashi 90 cikin ɗari cutar zama take a jikinsa, babban mutum kuwa in ya kamu fiye da kashi 95 jikinsa ke korar ta da kansa. Ana ɗaukarsa ta saduwa, gaskiya ne, amma samunsa a jinin mutum ba shaidar ya yi wani abin kunya ba ce. Kuma ba a ɗauka ta gumi, ba a ɗauka ta cin abinci kwano ɗaya, ko musabaha, ko buta. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da aka ware wa kofi da cokali da tabarma a gidan aurenta har wata takwas, ta zo tana magana ƙasa-ƙasa tana murza bakin mayafinta, ba ciwon ne ya ramar da ita ba, wariyar ce. Da muka gwada mijin sai ga shi jikinsa ya riga ya haɗu da cutar ya kore ta, yaran biyu kuma an yi musu rigakafi. Kofin nan da aka ware bai tsare kowa daga komai ba.

Idan naka ya fito babu, alhamdulillahi, sai ka karɓi rigakafi allura uku a cikin wata shida ka huta. Idan ya fito akwai, ba hukuncin mutuwa ba ne, sai dai a ƙara gwajin da ke ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini, HBV DNA, da sikanin ciki, da ƙirgen jini don a ga filatilet, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, saboda in hanta ta fara tabo su ne sukan fara sauka ƙasa da 150. Ba kowa ake ɗorawa a magani ba, amma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ta faɗaɗa abin, wanda ƙwayar cutar ta haura 2,000 a gwajin HBV DNA kuma ALT ɗinsa ya hau ya cancanci a fara masa, kuma iyakar da suka sa ta fi ta takardar lab tsauri, 30 ga maza, 19 ga mata. Maganin ƙwaya ɗaya ce a rana, tenofobir ko entekabir, ba ta kashe cutar gaba ɗaya amma tana danne ta ta hana ta cin hanta, kuma wanda ya fara ba ya dainawa da kansa domin dainawa kwatsam tana iya tayar da ciwon fiye da da. Nau'in C kuwa yanzu warkewa ake, mako 12 na shan ƙwaya, fiye da kashi 95 suna rabuwa da shi.

Na biyu, ka ce kana da ɗan tumbi, kuma ALT ɗinka ya fi AST, wannan fasalin ya yi kama da kitse a hanta. Da muna ɗauka ciwon Turawa ne, yanzu ga shi nan cike a asibitocinmu, 'yan kasuwa masu wuni a zaune a shago, ma'aikatan ofis, direbobi, matan gida. Shayi mai kauri da suga cokali huɗu da safe da burodi, lemon kwalba biyu da rana saboda zafi, tuwo malmala uku ƙarfe goman dare a kwanta a kai, daga ƙofar gida a hau mashin ko Keke. Mutane suna zaton cin kitse ne kawai ke kawo shi, alhali suga da sitaci da suka yi wa jiki yawa hanta ce take mayar da su kitse ta ajiye a jikinta. Tafiyarsa ɗaya da ciwon suga da hawan jini, shi ya sa zan so a gwada sugarka da kitsen jininka, a auna hawan jini, a yi sikanin. Idan shi ne, maganinsa ba a kemis yake ba. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka, misali mai kilo 90 ya sauke wajen kilo 6 zuwa 9 a hankali cikin watanni, tafiyar ƙafa mai sa gumi minti 30 kwana biyar a mako, a yanke lemon kwalba, wallahi na sha ganin ALT ya dawo daidai da wannan kaɗai.

Na uku, abin da kake sha. Ina so ka zauna da biro da takarda ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka da sunan magani a wata uku da suka wuce, kar ka bar komai, har wanda kake jin nauyin faɗa. Farasitamol yana da aminci in an sha daidai, amma babban mutum kar ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 'yan 500, kuma matsalar ita ce yana ɓoye a cikin maganin mura, da na ciwon jiki, da haɗin nan da ake ƙullowa a leda a kemis ƙwaya biyar shida kala-kala, sai mutum ya sha daga wuri uku bai san abu ɗaya yake ninkawa ba. Magungunan tarin fuka, musamman isoniyazid da rifamfisin da firazinamayid, sanannu ne wajen ɗaga ALT. Haka wasu magungunan farfaɗiya, da nebirafin na masu cuta mai karya garkuwar jiki, da Augmentin, da ƙwayar ketokonazol, da magungunan rage kitsen jini, da allurai da garin da samari masu ɗaga ƙarfe suke amfani da su don gina jiki. Amma a kula, wanda likita ya ɗora a kan maganin tarin fuka ko farfaɗiya ko na ƙanjamau kar ya daina da kansa don ya ga lamba ta hau, ya koma wajen wanda ya rubuta masa, akwai ma'aunin da muke bi kafin mu ce a dakata.

Yanzu mu dawo kan jarkarka. Ni ɗan ƙasar nan ne, an ba ni jiƙo ina yaro, kakata ta san rawaya da sabara da marke, ba zan tsaya ina zagin gargajiya ba. Amma ka tambayi kanka, me ke cikin jarkar nan? Saiwar me, sassaƙen me, an jiƙa kwana nawa, kofi ɗaya daidai yake da nawa, an zuba wani maganin bature a ciki don a ji yana aiki ko ba a zuba ba? Shi kansa abokinka bai sani ba. Duk abin da ka haɗiya daga hanji hanta yake fara bi kafin ya zaga jiki, ita ce mai tacewa, to hantar da take cikin rauni sai a ƙara mata aikin da ba a san nauyinsa ba? Akwai wani matashi da ba na mantawa, ɗan kasuwar waya, ya zo da ALT wajen 70 a gwajin aure, muka ce ya dawo bayan wata guda da wasu gwaje-gwaje. Bai dawo ba sai bayan mako bakwai, yayansa na riƙe da shi, idonsa kamar an ɗiga masa kurkur, fitsarinsa a kwalbar gwaji kamar baƙin shayi, ALT ya haura 1,000. Ashe gora uku ya shanye na wankin hanta, safe da yamma, yana gudawa ana ce masa dattin ne ke fita. Nau'in B babu, C babu. Allah Ya yi da sauran kwanansa, muka tsayar da komai, ya yi kwanaki a kwance, sai bayan wata uku lambobin suka dawo. Babu wani abu wai shi wankin hanta ɗan'uwa, hanta ba tukunya ba ce, ita take gyara kanta in an cire mata abin da ke cutar da ita, kuma Allah Ya ba ta wannan baiwar fiye da sauran sassan jiki, ana yanke fiye da rabinta ta sake tofowa. Maganin basir, maganin sanyi, maganin ƙarfin maza, kayan mata, shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Facebook da TikTok, duk ka sa su a lissafin da na ce ka rubuta.

Ka ce ba ka shan giya, na yarda da kai, kuma takardarka ma ba ta yi kama da ta mai sha ba, domin a wajen mashayi galibi AST ne yake ninka ALT sau biyu, GGT ma ya hau. Na faɗa ne saboda masu karantawa, wanda yake sha ya faɗa wa likitansa gaskiya, ɗakin duba marasa lafiya ba kotu ba ne.

Akwai kuma abubuwan da ba ma daga hantar suke ba. AST yana nan a tsoka da zuciya da jajayen ƙwayoyin jini, don haka wanda ya yi dako ko noma mai tsanani ko ya ɗaga ƙarfe ko ya buga ƙwallo bayan ya daɗe bai yi ba, AST ɗinsa har da ALT suna iya hawa su kai mako guda ba su sauka ba. Jinin da aka ɗiba ya fashe a kwalba ko ya daɗe cikin zafi kafin a gwada shi ma yana ba da sakamakon ƙarya. Zazzaɓin cizon sauro da taifot suna ɗaga su na ɗan lokaci, masu sikila ma nasu AST da bilirubin sukan ɗan hau saboda fashewar jini. Ka tuna ko ka yi zazzaɓi a makonni biyu uku kafin gwajin.

Ciwon hanta nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, suna zuwa da zazzaɓi da amai da shawara, ba irin naka ba ne mai shiru. Na ambaci E ne kawai saboda masu ciki, ya ɓarke a yankin Diffa na Nijar da wasu sassan Borno a 2017, kuma mata masu juna biyu ya fi yi wa illa. Duk mai cikin da aka ce ALT ko AST ɗinta ya hau, musamman in akwai hawan jini, ciwon kai, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko ƙaiƙayin tafin hannu da ƙafa, wannan bayanin na a jira a maimaita ba nata ba ne, asibiti za ta tafi a ranar.

Wani abu da ba ya cika fitowa a ALT amma bai kamata ɗan Arewa ya jahilce shi ba shi ne gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, sunanta aflatoksin. Gyaɗar nan da za ka tauna ka ji ɗaci ka tofar, da masarar da aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba. Dafuwa ba ta kashe gubar, kuma in ta haɗu da nau'in B a jiki ɗaya haɗarin kansar hanta yana ninkuwa sosai. Abin takaici rubabbiyar gyaɗar da aka tsince ba zubarwa ake ba, sau da yawa ita ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli da ita. In za ka iya, ka san inda kayan gyaɗarka suke fitowa.

To a taƙaice ga yadda zan yi da kai da a gabana kake. Gobe ka je a yi maka HBsAg da gwajin nau'in C, da suga, da ƙirgen jini, waɗannan ba sa jira. Ka samu sikanin ciki a wajen wanda ya iya, ka je ba ka ci komai ba na awa shida zuwa takwas don matsarmama ta fito da kyau. Ka tsayar da duk jiƙo da haɗin kemis da abin da ba likita ne ya rubuta ba. Bayan mako 2 zuwa 4 ka maimaita gwajin hantar, a ɗakin gwajin da ka yi na farko in zai yiwu don a kwatanta daidai, kuma kar ka yi aikin ƙarfi a makon da za a ɗibi jinin. Mutane da yawa a nan nasu yake dawowa daidai. In ya dawo kuma nau'in B da C babu, shi kenan, ka ci gaba da kula da tumbin. In bai sauka ba har ya kai wata shida, ko yana ƙara hawa, ko albumin ko filatilet suka fara sauka, sai a tura ka wajen likitan ciki da hanta, akwai su a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri da Jos, su ne za su nemi abubuwan da ba su cika faruwa ba, irin garkuwar jiki ta juya wa hanta ko ƙarfe ya taru a cikinta, su kuma auna taurinta da wata na'urar sikanin da ake kira fibrosikan in da hali.

Abinci kuma kar ka takura kanka. Na san za a ce maka ka daina nama, ka daina ƙwai, ka daina mai da gishiri gaba ɗaya, na ga mutanen da suka rame suka lalace saboda wannan shawarar ba saboda hanta ba. Hanta tana buƙatar furotin don ta gyara kanta. Ci wake, kifi, ƙwai, nama daidai misali, ganye, zogale da rama da alayyahu a abinci, rage suga da soye-soye, shi kenan.

Amma akwai alamomin da in ka gani ba a jiran mako huɗu, ba a jiran gari ya waye ma: ido ko tafin hannu ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari-fari ko ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini, amai ba ƙaƙƙautawa, ciki ko ƙafafu su kumbura, dasashi ko hanci na zubar jini ba dalili, ko iyali su lura kana rikicewa, kana barci da rana kana farke da dare, kana magana ba kan gado. Wannan na ƙarshen ka gaya wa uwargida ta sani, domin mai shi ba ya gane kansa, kuma sau da yawa gida ake ajiye shi ana zaton iska ce har lokaci ya ƙure.

Maganar aikin da kake nema, ALT 94 ba dalilin hana mutum aiki ba ne, kuma ko da nau'in B ne ya fito, mai shi yana aikinsa yana aurensa yana haihuwa, abin da ake buƙata a gwada matar a yi mata rigakafi in ba ta da shi, jariri kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. In an nemi bayani a wajen aikin, likitan da ya duba ka zai iya rubuta musu takarda bayan sakamakon ya kammala.

Idan na HBsAg ɗin ya fito ka turo min tare da jerin magungunan nan da na ce ka rubuta, har da sunan abin da abokinka ya ce an jiƙa in ya sani. In ya nuna akwai, ranar da za ka koma ka tafi da maiɗakinka da yaran, sannan ka kira 'yan'uwanka da kuke ciki ɗaya su ma su je a duba su, har da Hajiya in tana raye. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa mu ji alheri.